Tsayuwar agwagwa ko tsayuwar fuskantar gaba: yadda mai koyo zai daidaita ƙafafunsa a kan allon dusar ƙanƙara

Wanda ya karɓi allon zamiya a kan dusar ƙanƙara a karon farko yakan ɗauka cewa aikinsa zai fara ne daga lokacin da ya isa gangare, alhali kuwa tun kafin ya taka dusar an riga an yanke masa hukunci a kan abubuwa huɗu: ƙafar da za ta kasance a gaba, tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa, kusurwar da kowace ƙafa take kallo, da kuma wurin da maɗauran ƙafa suka zauna a tsawon allon. Mai zamiya da alluna biyu yana iya motsa kowace ƙafa yadda ya so, kuma maɗauransa suna sakin takalmi idan ya yi mummunar faɗuwa. Mai allo ɗaya kuwa an kafe ƙafafunsa biyu a wuri guda, maɗauran kuma ba sa saki, saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen ɗaura su gwiwa da ƙugu ne za su yini suna biyan kuɗinsa. Allon farko da Sherman Poppen ya haɗa wa 'ya'yansa a jihar Mishigan ta Amurka a shekarar 1965 ba shi da maɗauri ko ɗaya, igiya ce kawai a hancinsa ake riƙewa, kuma mai hawa yana ajiye ƙafarsa inda ta ga dama. Zuwan maɗauri shi ne ya ba mutum iko a kan gefen allo, kuma shi ne ya jawo wajabcin zaɓe.

Zaɓen farko shi ne mafi sauƙi, ko da yake mutane sun fi yin surutu a kansa. Wanda ya sa ƙafar hagu a gaba ana ce masa regula, wanda ya sa ta dama kuma ana ce masa gufi, kuma duk da cewa na farko sun fi yawa, babu wanda ya fi wani a wajen iyawa. Hanyar gwaji da ta fi kama da ainihin abin ita ce mutum ya sa safa, ya ɗan ruga a kan daɓe mai santsi, sannan ya zame, ya duba ƙafar da ta wuce gaba da kanta. Akwai kuma masu cewa a tura mutum ta baya ba zato, a ga ƙafar da zai fara takawa, sai dai wannan gwajin yakan ba da amsa biyu idan aka maimaita shi, domin da zarar mutum ya san za a tura shi tunani ya shigo ciki. Wanda ya taɓa hawa allo mai taya ko allon igiyar ruwa bai da bukatar wani gwaji, tsayuwarsa ta can ita ce ta nan. Ba dole ba ne hannun da mutum yake rubutu da shi ya yi daidai da ƙafarsa ta gaba. Idan kuma aka zaɓa, sannan bayan sa'o'i biyu mai koyo ya ga kullum ɗaya gefen ne yake juyowa ya shiga gaba kuma ya fi jin daɗin hakan, to sai a kwance a juya maɗauran, aikin da bai wuce na minti goma ba.

Tazarar ƙafafu ana auna ta ne daga tsakiyar maɗauri ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan. Kusan kowane allo yana zuwa da alama a kan ramukan sukuru wadda take nuna tazarar da masu ƙera shi suka tsara shi a kanta, kuma idan tsawon allon ya dace da nauyi da tsayin mai shi, wannan alamar ita ce wurin farawa mafi hankali. Ga manya, tazarar takan faɗa tsakanin santimita 48 da 58, wato ta ɗan ɗara faɗin kafaɗa. Wasu sukan auna daga gwiwa zuwa ƙasan dunduniya su ɗauki wannan tsawon a matsayin tazara, kuma awon yakan kawo mutum kusa da daidai. Tsayuwa mai faɗi tana ba da natsuwa, tana saukar da jiki ƙasa, tana taimaka wa mai tsalle wajen dira, amma tana sa juyawa ta yi nauyi, kuma idan ta wuce kima mutum zai ji ciwo a cikin cinya da gefen gwiwa. Matsattsiyar tsayuwa tana sa allo ya juya da sauƙi, sai dai ƙaramin tudu ya isa ya jefar da mai ita, kuma tana sa shi tsayawa ƙiƙam da miƙaƙƙun ƙafafu, wanda shi ne babban aibin mai koyo. Idan mutum ya faɗa tsakanin ramuka biyu bai san wanne zai ɗauka ba, a ganina ya fara da wanda ya fi matsewa, domin a makon farko wahalar juyawa ta fi rashin natsuwa damun mutane.

Kusurwa ita ce inda zaɓen gaske yake, kuma a nan ne ya kamata a dakata. A tsakiyar kowane maɗauri akwai faifai mai haƙora da lambobi, wanda a yawancin maɗaurai kowane haƙori yake daidai da digiri 3. Idan aka ajiye shi a kan 0, ƙafa ta gitta allon a miƙe. Idan yatsu suka karkata wajen hancin allo sai a rubuta lambar da alamar ƙari, idan kuma suka karkata wajen wutsiya sai a rubuta ta da alamar ragi. Ana fara faɗin ƙafar gaba, sannan ta baya, don haka +15 da −6 na nufin ƙafar gaba tana kallon hanci da digiri 15, ta baya kuma tana kallon wutsiya da digiri 6. A kan ƙafar gaba babu gardama sosai, domin mafi yawan masu hawa suna ajiye ta tsakanin +12 da +21. Gardamar duk tana kan ƙafar baya ne.

Tsayuwar agwagwa ita ce wadda yatsun ƙafa biyu suke kallon waje, ta gaba da ƙari, ta baya da ragi, kamar +15 da −15 ko +12 da −9. Hujjarta mafi ƙarfi tana cikin ginin jikin ɗan Adam: duk wanda ya tsuguna ba tare da tunani ba zai ga ƙafafunsa sun buɗe waje, gwiwoyinsa kuma sun bi layin yatsunsa. Tunda lanƙwasa gwiwa shi ne abin da mai koyarwa zai yini yana nanatawa, tsayuwar da take sauƙaƙa shi ta riga ta rage rabin wahala. Hujja ta biyu ta shafi yadda ake koyon abin. Darasin farko a makarantu da yawa shi ne saukowa a kan gefe ɗaya ana zamewa hagu, a dawo dama, kamar ganyen da yake faɗowa daga bishiya, wanda ke nufin rabin lokacin mai koyo yana tafiya ne da ƙafar baya a gaba. Mai tsayuwar agwagwa ba ya jin bambanci mai yawa tsakanin ɓangarorin biyu. Haka kuma wanda bai tabbatar da ƙafarsa ta gaba ba yana iya gwada duka biyun ba tare da ya taɓa sukuru ba, kuma wannan ne ya sa shagunan haya da yawa suke ɗaura allunansu a haka. Wanda ya san burinsa shi ne tsalle da jujjuyawa a iska da tafiya ta kowane ɓangare, tsayuwarsa ke nan tun daga rana ta farko.

Amma tana da farashinta. Tunda ƙugu da kafaɗu suna daidai da tsawon allo, wuya ne kaɗai yake juyawa don duba hanya, kuma abin da ke bayan mutum yakan ɓace masa, musamman lokacin da yake kan gefen dunduniya, wato kaifin allon da ke ƙarƙashin dugadugansa, yana gitta gangare. Mai koyo kuwa tsoro yakan sa shi ya juya ƙirjinsa gaba ɗaya ya fuskanci ƙasan gangare, kuma idan ya yi haka alhali ƙafar baya tana kafe a −15, to cinya tana murɗawa gaba, ƙafa tana kallon baya, gwiwa ce a tsakiya take shan murɗar. Yawancin masu kukan cewa tsayuwar agwagwa ta ɓata musu gwiwa, idan aka bincika, za a tarar ragin ƙafar baya ya yi musu yawa ne, ko kuma tazarar ta yi faɗi, ko duka biyun.

Tsayuwar fuskantar gaba ita ce wadda ƙafafu biyu suke da ƙari, kamar +18 da +3 ko +21 da +6. Ita ce tsohuwar tsayuwa, wadda aka gada daga masu allon igiyar ruwa, kuma masu tsere da takalma masu tauri suna kai ta har digiri 50 ko fiye a kan siraran allunansu. Ƙugu yana buɗewa wajen da ake nufa, ido yana ganin hanya ba tare da wahalar wuya ba, gwiwar baya kuma tana iya shigowa ta matsa wa allo a tsakiyar kwana. Wanda yake son yanka dusa da kaifin allo ya bar siririn layi a bayansa, ko gudu a kan dogon gangare, ko shiga dusa mai laushi da zurfi, zai sami ƙarfi a wannan tsayuwa wanda agwagwa ba ta bayarwa da sauƙi, musamman a kwanar gefen dunduniya. Akwai kuma wata fa'ida ga mai babbar ƙafa, domin duk lokacin da takalmi ya ƙara karkata, tsawonsa da yake gitta allo yana raguwa, yatsu da dunduniya kuma ba sa leƙowa sosai.

Rauninta ga mai koyo a fili yake. Da zarar allo ya juya wutsiya ta shiga gaba, abin da yake faruwa sau goma a rana ga sabon shiga, sai mutum ya tarar yana tafiya kusan da baya, ƙafafunsa biyu suna kallon inda ya fito. Tsugunawa ma ta fi wuya, domin gwiwoyi biyu suna tafiya ɓangare ɗaya. Sannan buɗaɗɗen ƙirji yakan koya wa mai koyo wata ɗabi'a mai wuyar bari, ta jefa kafaɗa gefe guda da shure ƙafar baya ɗaya gefen don allo ya juya, maimakon ya fara kwanar da ƙafar gaba ya bar gefen allo ya yi aikinsa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai +15 da 0, wadda aka daɗe ana ba masu koyo a matsayin sulhu. Ba ta da laifi, amma mutane da dama sukan ji ƙafar baya a 0 kamar an tilasta mata kallon ciki, domin ƙafafun yawancinmu a buɗe suke ko da muna tsaye kawai. Saboda haka shawarata ga wanda bai taɓa hawa ba ita ce ya fara da +15 a gaba da −6 a baya. Wannan ragin ya isa ya ba gwiwar baya hanyar lanƙwasawa kuma ya sa tafiya da ɗaya ɓangaren ta yiwu, amma bai kai ya hukunta mutum ba idan ya juya ƙirjinsa don tsoro. Bayan kwana biyu ko uku jiki zai nuna inda ya karkata. Wanda ya ga yana jin daɗin tafiya ta kowane ɓangare ya ƙara ragin zuwa −9, daga baya −12. Wanda ya ga ba ya sha'awar komai sai kwana mai tsabta a ɓangare ɗaya ya matsa zuwa −3, sannan 0, sannan +3. Haƙori ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada a canja kusurwa da tazara a rana guda, domin idan abu ya gyaru ko ya ɓaci ba za a san wanne ne ya jawo ba. Wata ƙa'ida da masu ɗaura alluna suke kiyayewa ita ce kada buɗin da ke tsakanin ƙafafu biyu ya wuce digiri 30 ko kusa da haka, wato +15 da −15 ta riga ta kai iyaka ga mafi yawan mutane.

Akwai gwajin da ya fi duk waɗannan lambobin amfani, kuma a ɗaki ake yin sa. Mutum ya sa takalmansa na hawa, ya tsaya a kan allon kafin a ɗaure komai, ya yi ɗan tsalle ya dira a tsugune sau uku ko huɗu, sannan ya duba inda ƙafafunsa suka sauka da inda suke kallo. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma abin da ƙafa ta zaɓa da kanta ya fi abin da aka kwaikwayo daga wani gwani wanda tsayinsa da ƙugunsa da irin hawansa duk dabam suke.

Batun matsa maɗauran baya ko barin su a tsakiya ba ya bukatar dogon bayani. Allon da hancinsa da wutsiyarsa suke iri ɗaya an yi shi ne don a tsaya a tsakiya, shi kuwa wanda aka ƙera don tafiya ɓangare ɗaya an riga an ja ramukansa baya da santimita ɗaya ko biyu, wani ma fiye. Mai koyo ya bi alamar allon ya huta. Ƙara matsawa baya yana taimakon hanci ya ɗago a dusa mai zurfi, amma a kan gangaren da aka daddaɓe yana ƙarfafa jingina baya ne kawai, kuma jingina baya shi ne yake hana allo juyawa. Wanda cinyarsa ta baya take ƙuna bayan kowace saukowa yakan zargi maɗauri, alhali a mafi yawan lokuta nauyinsa ne ya tattara a wutsiya don gudun gangare. Abin kiyayewa shi ne, idan za a faɗaɗa ko a matse tazara, a matsa maɗauran biyu daidai wa daida, don kada tsakiyar ta gusa ba da niyya ba.

Su kansu maɗauran iri uku ne a kasuwa. Na gargajiya yana da bel biyu, ɗaya a kan idon sawu, ɗaya a kan yatsu, kowanne da makulli mai haƙora, kuma yana karɓar kusan kowane takalmi mai laushi. Na biyu shi ne wanda majinginarsa ta baya, wato ɓangaren da yake tokare bayan takalmi, take kwantawa a zura ƙafa ta baya a ɗaga, irin wanda kamfanin Flow ya yi suna da shi. Yana da sauri a fili mai shimfiɗe, amma mai koyo yakan ɗaura allonsa ne a zaune yana kallon ƙasan gangare, kuma a wannan zaman majinginar tana dukan dusa ta ƙi buɗewa, sai mutum ya juya ya durƙusa. Na uku shi ne wanda ake takawa kawai ya kama, kamar Step On da kamfanin Burton ya fitar a 2017, mai kama takalmi a wuri uku, biyu a gefen yatsu, ɗaya a dunduniya. Sauƙinsa ba a magana, musamman ga wanda sunkuyawa take yi masa wuya, sai dai ba ya aiki sai da takalmin da aka yi dominsa, wanda ke rage zaɓen mutum a kan abin da ya fi komai muhimmanci, wato takalmin da ya dace da ƙafarsa. Ga wanda bai san ko zai ci gaba da wasan ba, na gargajiya mai laushi ko matsakaicin tauri ya fi dacewa, domin maɗauri mai tauri yana isar da kowane motsi zuwa ga allo nan take, har da motsin kuskure.

Kafin a saya, a duba irin ramukan allon. Tsarin 2x4 da na 4x4 duk sukuru huɗu suke ɗauka a kowane maɗauri, bambancinsu shi ne na farko yana ba da damar matsawa da santimita 2, na biyu da santimita 4. Allunan Burton na yanzu suna da dogon kwari maimakon ramuka, sukuru biyu kawai a kowane maɗauri, kuma ana iya zame shi zuwa duk inda ake so. Maɗauransu masu alamar EST ba sa hawa wani allo sai mai wannan kwarin.

Wajen ɗaurawa, a fara bambance na hagu da na dama, makullai su kasance a wajen ƙafa. A daidaita kusurwa a faifai, a ɗan kama sukurorin ba tare da matsewa ba, sannan a sa takalmin a ciki a juya allon a duba ta ƙasa. Yatsu da dunduniya su leƙo daidai wa daida, kimanin santimita ɗaya zuwa biyu kowane gefe. Idan dunduniya ta fi leƙowa, kwanar gefen yatsu za ta yi nauyi, idan kuma yatsu ne suka yi yawa za su kartar dusa su ɗaga kaifin allo a tsakiyar kwana. Ana gyara wannan ta hanyar juya faifan yadda tsagoginsa za su gitta allo, ko ta matsa kofin dunduniya, wato ɓangaren da dunduniyar takalmi take zama a ciki, a maɗauran da suke da wannan damar. Wanda takalminsa ya kai lamba 45 na Turai ko fiye, sau da yawa allo mai faɗi yake bukata, domin babu gyaran faifai da zai ɓoye wannan tsawon.

Majinginar baya tana da ɗan makulli da yake karkata ta gaba. Idan karkatar ta yi yawa gefen dunduniya yana kamawa da sauri kuma gwiwa tana lanƙwasawa dole, amma sharaɓa takan gaji tun kafin azahar. Ga mai koyo ya isa a karkata ta har ta taɓa bayan takalmi ba tare da gibi ba. Idan tana juyawa, a daidaita ta da gefen dunduniya na allon. Bel kuma a daidaita tsawonsa yadda tsakiyarsa za ta zauna a tsakiyar takalmi bayan an matse, ba tare da an kai ƙarshen haƙoran ba.

Sai a matse sukurorin da hannu, ɗaya bayan ɗaya a gicciye, da sukudireba mai baki lamba 3, domin ƙarami yana cinye kan sukuru, injin murɗawa kuma yana iya ɓata ramin. A yi amfani da sukurorin da suka zo da maɗaurin, tunda wanda ya yi tsawo yana iya turo ƙasan allo ya yi ƙulu. Girgiza da sanyi suna sassauta su, saboda haka a sake duba su bayan yinin farko da kuma kowace safiya kafin a fita, a ajiye ƙaramin sukudireba a jaka maimakon aljihun da za a iya faɗawa a kansa, kuma a rubuta tazarar da kusurwoyin biyu a waya, don ranar da aka karɓi allon haya a iya faɗa wa mai shagon lambobin kai tsaye.